Ƙasar Ganuwa da Ɗakin Talaka

Daga Jahun zuwa Haɗeja ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ta fadama da jigawa. Saboda haka mutanen da can da laka suka yi gine-ginensu, har ganuwar da ta kewaye birnin Haɗeja. A cikin ganuwar nan ne Sarki Muhammadu ya tari Turawa da yaƙi a shekarar 1906, ya rasu tare da jarumawansa masu yawa. Yanzu kuwa mafi yawanta ta zube.

To, ga wata magana wadda ta cancanci a tsaya a auna ta. In kogi ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a shekarar 2022, ɗakin talaka ya faɗi, iyalinsa suna kwana a fili, sai ya tafi gindin tsohuwar ganuwa ya haƙi ƙasa ya yi tubali. Shin ya yi laifi?

Waɗansu su kan ce bai yi ba, gama an gina ganuwa domin ta tsare mutane, in ƙasarta ta zama ɗaki ta rufa wa yara asiri, ai aikinta ta ke yi. Waɗansu su ce ya yi, domin ganuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Dukiya ce ta waɗanda suka rasu da waɗanda ba a haifa ba tukuna. In kowa ya ɗebi kwando guda, jikoki ba za su sami abin da za su nuna wa baƙo ba.

A ƙasar Suwizalan, cikin duwatsun Turai masu ƙanƙara, baƙi su kan zo daga nesa su biya kuɗi don su ga tsofaffin gidajen sarakuna. A Sukur ma, bisa duwatsun Mandara a Jihar Adamawa, fadar Hidi da hanyoyin da aka shimfiɗa da dutse sun shiga jerin kayan tarihin duniya a shekarar 1999. Amma ginin dutse ya kan daɗe ko an yi sakaci da shi. Ginin laka kuwa sai da yaɓe. A zamanin da, in damina ta wuce, a kan tara jama'a su gyara inda ruwa ya ci. Tun ran da aka bar wannan aiki ganuwa ta fara mutuwa, kafin talaka ya sa mata fartanya.

Ashe laifin na gari ne duka. Abin da ya kamata shi ne shugabanni su nuna wa wanda ɗakinsa ya faɗi kududdufin da zai ɗebi ƙasa, maƙwabta su yi masa gayya, sa'an nan a keɓe abin da ya rage na ganuwa, a riƙa yaɓe shi kowace kaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutumin da aka taimaka ya ta da ɗakinsa, shi ne zai fara fitowa ran gyaran ganuwa.