Ganuwar Ariha da Kan Saniya na Zinariya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai buɗe ƙofar da ta gagari bayi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ina yi wa kaina da ku wasiyya da tsoron Allah. Maganarmu ta yau a kan wani birni take, mai ganuwa, a ƙasar Falasɗinu, wanda Larabawa ke kira Ariha. Yana yamma da kogin Urdun, arewa kaɗan da Tekun Gishiri, cikin wani kwari mai zurfi, wajen mita 250 ƙasa da doron teku. Kewayensa ƙasa ce busassa mai zafi, amma Allah Ya ba shi idon ruwa wanda ba ya ƙafewa, shi ya sa dabino ya yawaita a can, mutane suka zauna tun fil'azal. Duk wanda ya taso daga gabas ya ƙetare Urdun yana nufin hawa duwatsu zuwa Baitul Maƙdis, to, ta gaban Ariha zai bi. Birnin kamar ƙyaure ne a bakin ƙasar.

Allah Ya ba mu labarin Banu Isra'ila da wannan ƙasa cikin Suratul Ma'ida, daga aya ta 20 zuwa ta 26. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya fitar da su daga hannun Fir'auna, sun ga teku ta tsage da idanunsu, sun ga maƙiyinsu ya nutse. Sai ya umurce su da su shiga ƙasa mai tsarki wadda Allah Ya rubuta musu. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa Ariha ce garin da aka nufa, alhali Ibn Kasir da wasu malamai sun rinjayar da Baitul Maƙdis. Masu tafsiri sun ce Annabi Musa ya aiki mutum 12, ɗaya daga kowace ƙabila, su leƙo ƙasar. Suka tarar da garuruwa masu ganuwa da mazaje masu ƙarfi. Goma daga cikinsu suka komo suna baza tsoro a sansani. Biyu kaɗai suka dake, Yusha'u ɗan Nun da Kalibu, suka ce wa jama'a su dai tunkari ƙofar, in sun shiga to rinjaye nasu ne, su dogara ga Allah in da gaske masu imani ne.

A nan bari mu ɗan ratse. Akwai labaran da ake bayarwa na wani ƙato, Uju ɗan Unuƙu, wai yana kamo kifi daga ƙasan teku ya gasa shi a jikin rana. Ibn Kasir ya yi watsi da wannan, ya ce ƙage ne, kuma bai kamata mai wa'azi ya riƙa jan hankalin jama'a da shi ba. Mutanen birnin mutane ne kamar kowa, ana iya cin su da yaƙi, an kuwa ci su daga baya.

Amsar da jama'a suka ba Annabinsu tana cikin mafi munin abin da wata al'umma ta taɓa faɗa wa manzonta: shi da Ubangijinsa su je su yi yaƙin, su kam ga su nan zaune. Ku lura, ya ƴan'uwa, ba a harbe su da kibiya ko ɗaya ba, ba su ma isa gindin ganuwar ba. Labari kawai suka ji, zukatansu suka karye. Sai Allah Ya haramta musu ƙasar shekara 40, suna ɗimuwa cikin hamada. Annabi Haruna ya rasu a can, Annabi Musa ma ya rasu bai shiga ba. Ya zo cikin Bukhari cewa da ajalinsa ya kusa, ya roƙi Allah Ya kusantar da shi ga ƙasa mai tsarki gwargwadon jifan dutse. Sahabbai sun riƙe wannan darasi. Ranar Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Miƙdadu ya miƙe ya ce wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, su ba za su faɗa masa irin maganar mutanen Musa ba, za su yi yaƙi a damansa da hagunsa, gabansa da bayansa. Fuskar Manzon Allah ta yi haske don farin ciki.

Da shekarun ɗimuwa suka cika, waɗancan matsorata sun ƙare, ƴaƴansu da suka tashi cikin wahalar daji suka maye gurbinsu. Shugabancinsu ya koma hannun Yusha'u, wancan saurayin da ya raka Annabi Musa tafiyar neman Haliru. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin wani Annabi da ya fita yaƙi, ruwayar Imamu Ahmad kuma ta nuna cewa Yusha'u ne. Kafin ya tashi ya tankaɗe rundunarsa. Wanda ya ɗaura aure amarya ba ta tare ba, ya zauna gida. Wanda ya gina ɗaki bai rufe shi ba, ya zauna. Wanda ya sayi dabbobi masu ciki yana jiran haihuwarsu, shi ma ya zauna. Sarkin yaƙi na duniya yawan mayaƙa yake nema, amma shi wannan rage su ya yi, domin ya san abin da rabuwar zuciya ta jawo wa iyayensu. Suka isa garin wajen la'asar. Malamai sun ce ranar Jumma'a ce, in rana ta faɗi Asabar ta shiga, yaƙi ya haramta a gare su. Sai ya roƙi Allah Ya tsayar masa da rana, aka tsayar da ita har Allah Ya ba shi nasara.

Ma'abota Littafi suna da nasu bayani cikin littafin da suke jingina wa Yusha'u. Sun ce rundunar ta kewaye Ariha sau ɗaya kowace rana har kwana 6, a rana ta bakwai ta kewaye sau 7, aka busa ƙahonin raguna, jama'a suka yi kururuwa, ganuwar ta zube. Irin wannan ba mu gaskata shi, ba mu ƙaryata shi, kamar yadda aka koya mana. Masu haƙar kufai ma sun yi aiki a tudun da ake kira Tallus Sulɗan. Wata Baturiyar Ingila, Kathleen Kenyon, ta yi haƙa a wurin daga 1952 zuwa 1958, ta tono hasumiyar dutse mai tsawon mita 8 da rabi wadda ta kai wajen shekara 10,000, da ganuwa bisa ganuwa na zamunna daban-daban. Har yau masana suna jayayya a kan wane zamani ne na Yusha'u, da ko akwai ganuwa tsaye a lokacin. Wannan jayayya tasu ce, imaninmu bai rataya ga tubali ba.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne abin da ya auku bayan an buɗe birnin. A shari'ar waɗancan al'ummu ganima ba ta halatta a ci ba. Tara ta ake yi wuri guda, wuta ta sauko ta cinye, alamar Allah Ya karɓa. Aka tara, wuta ta zo, ta ƙi ci. Annabin ya ce lalle akwai wanda ya ɓoye wani abu a cikinsu, kowace ƙabila ta turo mutum guda ya yi masa mubaya'a. Hannun mutum ɗaya ya manne a nasa. Ya ce ha'incin yana cikin ƙabilarsa, su zo duka. Hannuwan mutum biyu ko uku suka manne. Suka je suka ɗauko wani curin zinariya mai kama da kan saniya, aka aza bisa tarin, sannan wuta ta cinye. Ma'abota Littafi suna da labari mai kama da wannan, na wani Akan da ya binne riga da azurfa da zinariya cikin tantinsa, saboda haka aka fatattaki mayaƙansu a wani ƙaramin gari mai suna Ai, aka kashe musu mutum 36.

Subhanallahi! Rundunar da aka tsayar wa rana, aka buɗe mata birnin da ya firgita iyayenta, ga shi mutum biyu ko uku sun hana a karɓi aikinta. Kuma waɗannan ba daga cikin matsorata suka fito ba, suna cikin zaɓaɓɓu da aka tace, sun yi yaƙi, sun ga mu'ujiza. Takobi bai ba su tsoro ba, zinariya ta kayar da su.

Allah bai ba mu labarin Banu Isra'ila don mu zauna muna yi musu dariya ba. Ganima a shari'armu an halatta ta, amma ɗaukar wani abu daga dukiyar jama'a kafin a raba, wanda ake kira gululu, yana nan cikin manyan zunubai. Suratu Ali Imrana, aya ta 161, ta faɗa cewa mai yin sa zai zo ranar ƙiyama ɗauke da abin da ya ɓoye. Ya kai ma'ajin masallaci da ake ba ka jikka goma ka rubuta takwas, ya kai wanda aka damƙa wa makullin bankin cimaka kana auna wa danginka da dare, ya kai mai rabon taimako da kake saka sunayen waɗanda ba su wanzu ba, ya kai baffan marayu da ka haɗe gonarsu cikin taka, a ina ka binne naka kan saniyar? A yau hannu ba ya mannewa, wuta ba ta saukowa ta tona asiri, sai mutum ya zaci an manta. Muna fita roƙon ruwa mu cika fili, mu komo muna tambayar me ya hana a amsa mana, ba mai waiwayar abin da ke ƙarƙashin tabarmarsa. Ƙofar tuba a buɗe take, amma sharaɗinta a nan shi ne a mayar da abin ga masu shi, ko da a ɓoye.

Bayan yaƙin Haibara, shekara ta 7 bayan hijira, Manzon Allah ya sauka a Wadil Ƙura. Wani bawansa mai suna Mid'amu yana sauke masa sirdi, sai kibiya ta same shi ya mutu. Mutane suka shiga yi masa barka da Aljanna. Manzon Allah ya ce a'a, ya rantse cewa mayafin da ya ɗauka daga ganimar Haibara kafin rabo yana ci da wuta a jikinsa. Da jin haka sai wani mutum ya tashi ya kawo igiyar takalmi ɗaya ko biyu da ya ɗauka, ya ajiye a gabansa. Manzon Allah ya ce masa wannan igiyar ma ta wuta ce.