Wa Ke Ci a Ƙarshe? Tambaya Kan Akushin Hutun Hunturu

 

Ya ku ƴan'uwa, idan Disamba ta yi nisa, iskar hunturu ta taso da ƙurarta, gidajenmu sukan cika. An sallami ƴan lakwal, ɗalibai sun dawo daga Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, ma'aikaci ya samu ƴan kwanaki ya leƙo iyayensa. Rumbu bai daɗe da cika ba, lambuna sun fara ba da salati da tumatir, rake ya shigo kasuwa. Da safe kunu da ƙosai a bakin wuta, da rana fura ko dambu da zogale, da dare tuwon hatsi da miyar kuka. Ranar da babban ɗa ya iso kuwa, sai an yanka zabi ko ɗan akuya.

Kowa ya san yadda rabon yake tafiya. Akushin maigida da baƙinsa shi ke fara fita zuwa zaure, da tsoka a kai. Sai na samari, sai na yara. Matan da suka yi girkin su ci abin da ya rage a tukunya, almajiri kuma ya samu ƙanzo ko ɗumamen gobe.

Wani ɗalibi cikin zawiyarmu ya tare ni bayan wazifa, ya ce: "Malam, wannan tsarin ladabi ne ko zalunci?" Ya ce ya ga Innarsa ta tashi tun kafin asuba cikin ɗari, ta hura wuta, ta yi surfe da daka, ta wanke kwanoni da ruwan da ke yanka hannu. Da dare ya shiga cikin gida neman ashana, sai ya tarar da ita tana cin tuwo da romo zalla, alhali shi ya tashi daga zaure da cinyar zabo a cikinsa.

Abin da ya fara zo mini shi ne in kare al'adar, kuma tana da abin karewa. Gabatar da baƙo gado ne daga Annabi Ibrahim (A.S.), wanda ya gaggauta kawo wa baƙinsa gasasshen maraƙi tun bai san ko su wane ne ba. A gaban akushi ɗaya ne yaro ke koyon wanke hannu, da bisimilla, da ci da dama, da cin abin da ke gabansa, da haƙurin kada ya kai hannu ga nama kafin babba. Ba banza ba Imam Gazali ya buɗe kashin al'adu na Ihya'u Ulumiddin da littafin ladubban cin abinci. Su kuma gidajen birni da aka raba wa kowa farantinsa, kowa ya shige ɗaki da wayarsa, ban ga abin da suka gyara ba. Sun dai rasa zaman taren ma gaba ɗaya.

Amma da na kwana da tambayar, sai na ga akwai abu biyu da muke haɗawa: wa za a fara ba, da kuma nawa ne rabon kowa. Na farko ladabi ne, babu laifi a cikinsa. Ɓarnar tana shigowa ne lokacin da layi ya koma ma'auni, wato na gaba ya kwashe mai kyau, na baya ya samu abin da aka ga dama. Sunna ta koyar da cewa ko mai yi maka hidima ne ya dafa abinci, ka zaunar da shi ku ci tare, ko ka ɗebar masa daga ciki, saboda shi ya sha zafin wutar da hayaƙinta. To, in haka ne haƙƙin bara, ina ga matar da ta haifa maka ƴaƴa, ko uwar da ta haife ka?

Wani zai ce ai mu mutanen ɗariƙa mun san darajar zama na ƙarshe, tunda a wajen Maulidi masu hidima ne ke rabon abinci, su ci bayan kowa, suna murna. Gaskiya ne. Sai dai muridi shi ya zaɓi wannan matsayi don ya horar da ransa. Fifita wani a kan kai yana zama ibada ne idan mutum ya zaɓa da kansa. Na yarda uwaye da yawa da zuciya ɗaya suke yi. Ka miƙa mata ta ce ta ƙoshi, kuma ladanta yana wurin Allah. Amma ladanta nata ne, ba ya wanke wanda ya shekara ashirin yana cin sadaukarwarta bai taɓa tambayar me ya rage a tukunya ba. Wannan gafala ce, kuma gafala ita muke yaƙa safe da maraice da istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari. Muna bincike ƙwarai ko kuɗin cefane halal ne, don kada lazimi ya yi nauyi a harshe. Da wuya mu bincika ko an yi adalci a rabon.

Na san wani tsohon muƙaddami, Allah Ya ji ƙansa, a wani ƙauye na ƙasar Tasawa. Ba ya sa hannu a akushi sai ya tambayi yaron da ya kawo: "Na ciki sun samu?" Sannan ya tsame rabin naman ya mayar. Rabon almajirai kuma da zafinsa ake fitar da shi, kafin na zaure. Dalilinsa shi ne mai bargo yana iya cin tuwo mai sanyi, amma yaron da zai kwana a kan tabarma cikin hunturu, zafin tuwon nan shi ne bargonsa. Baƙinsa ba su taɓa jin an rage musu daraja ba. Ni kaina na ci a zauren nan ba sau ɗaya ba.

Da muka sake haɗuwa da ɗalibin, na hana shi zuwa yi wa mahaifinsa wa'azi, domin gyaran da ya fara da kunyata uba ba ya ƙarko. Na ce ya fara da nasa rabon, ya kuma ɗauki gatari da guga, tunda Manzon Allah (S.A.W.) yakan taya iyalinsa aikin gida.

Bayan hutu ya ba ni labari. Shi ɗan fari ne, Innarsa ko sunansa ba ta faɗi, don haka da ya ajiye mata naman ba ta ɗaga kai ba. Ta yayyaga ta raba wa ƙannensa. Kashegari ma haka. A dare na uku Babansa ya lura da abin da yake ɓoyewa a gefen akushi, bai ce masa komai ba, sai ya kira ƙaramar ƴarsa, ya zuba ƙirjin zabon a murfin kwano, ya ce: "Kai wa Innarku, ki ce in ji ni, kuma ki tsaya har ta ci."