Malamin Turanci a Baƙon Birni: Matafiyi Ne Ko Mazauni?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a shekarun 1960 da 1970 da wuya mutum ya shiga babbar makarantar sakandare ko kwalejin horon malamai a Arewacin Nijeriya ya rasa baƙon malami, ko daga Indiya, ko Pakistan, ko Masar, ko Ingila, ko Gana. Yau kuwa 'ya'yan ɗaliban nan da jikokinsu ne ke ɗaure takardun shaidarsu su nufi ƙasashen waje da alli a hannu. Waɗansu gwamnati ke turawa a cikin shirin da ta kafa a 1987 na aika ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik na shekara biyu-biyu, waɗansu kuwa su ke nemar wa kansu, kuma cikin hajar da suke ɗauka akwai Turanci.

A ɗauki misalin saurayi Musulmi wanda ya sami aikin koyar da Turanci a Guangzhou, babban birnin ciniki na kudancin ƙasar Sin, wanda fatake daga Kano suka daɗe da sanin hanyarsa. Ya sauka, an ba shi ɗaki a bene na goma sha, ya fita neman abinci bai iya karanta ko allo ɗaya ba. Tambayar farko da zai yi wa kansa ta fiƙihu ce tsantsa, watau ko zai yi ƙasaru ko zai cika salla. Amsar a mazhabar Imamu Malik a bayyane take. Tafiyar da ta kai mil 48 tana sa a mai da salla mai raka'a huɗu ta zama biyu, amma da zarar mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wani gari, ko abin da ya kai salla ashirin, to, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika. Jumma'a ma ta hau kansa, ko da yake ba a lissafa shi cikin mutum goma sha biyun da take tsayuwa da su, domin su sai 'yan gari na dindindin. A ƙasar Sin Jumma'a ranar aiki ce kamar kowace rana, saboda haka maganar sa'a biyu ta tsakar ranar nan, tun wajen ƙulla yarjejeniya ya kamata a yi ta, kafin a sa hannu.

Wannan hukunci na kwana huɗu abin lura ne ƙwarai. Malamin ya zo da yarjejeniyar shekara ɗaya ko biyu, zuciyarsa kuwa tana gida, yana lissafin abin da zai aika da ranar da zai koma. A ganinsa shi ɗan hanya ne. Shari'a kuwa tun ranar da ya sauka da wannan niyya ta ɗauke masa sunan matafiyi. Wanda aka ɗauke wa rangwamen matafiyi a cikin salla, da wace hujja zai riƙe shi a cikin ma'amala? Tsohuwar da ke ɗakin da ke kallon nasa maƙwabciyarsa ce, haƙƙin maƙwabtaka kuwa ba a sharɗanta Musulunci a cikinsa ba. Akan sami malamin da zai yi shekara uku a birni bai iya gaisuwa da harshen mutanensa ba, daga aji sai ɗaki sai unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka ke taruwa, alhali kuwa kullum safiya yana gaya wa yara cewa ba a iya harshe sai da naci. Zaidu ɗan Sabitu, Allah Ya ƙara masa yarda, a cikin kimanin rabin wata ya koyi rubutun Yahudawa bisa ga umurnin Annabi (S.A.W.), kuma Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji.

Wani zai ce ai tun asali zaman bai halatta ba. Lalle malaman Malikiyya sun tsananta a kan wannan. Wansharisi, wanda ya rasu a 1508, ya yi fatawar wajabta wa Musulmin Andalus ƙaura bayan mulki ya fita daga hannunsu, Ibn Abi Zaid kuma a cikin Risala ya karhanta fatauci zuwa ƙasar abokan gaba, har ya haɗa da ƙasar baƙar fata. Amma fa fatake da malaman da suka ƙetaro Hamada duk da wannan karhanci, su ne sanadin Musuluntar ƙasar da ake karanta Risala a zaurukanta yau. Wangarawa sun iso Kano a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Mawardi, daga Shafi'awa, ya tafi a kan cewa wanda ya sami ikon bayyana addininsa a irin wannan wuri, zamansa ya fi tashinsa, don abin da ake fata na shiriyar waɗansu. Guangzhou kuwa ba jiya ta san Musulmi ba. Masallacin Huaisheng da doguwar hasumiyarsa yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar, Ibn Battuta kuma da ya je wajen 1345 ya tarar da unguwar Musulmi da alƙalinsu. Mutanen wurin suna jingina gina masallacin ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihi na Musulunci sun tabbatar a kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a. Ma'aunin dai shi ne ko mutum zai iya salla da azumi da cin halal ba tare da an fitine shi ba. Wanda ya san ba zai iya ba, ko ya san raunin kansa, zaman gida ya fi masa.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen biza. Malaman fiƙihu suna da babi a kan Musulmin da ya shiga ƙasar waɗansu da amana, sun kuma haɗu a kan cewa haramun ne ya ha'ince su a jini ko dukiya, domin sun bar shi ya shiga ne bisa sharaɗin ba zai cuce su ba. Biza ita ce wannan amana a wannan zamani. Ƙasar Sin ta bambanta bizar aiki da ta karatu da ta ciniki, dokarta ta shige da fice da ta fara aiki a 2013 kuma ta yanka wa baƙon da ya yi aiki ba izini tara daga yuwan 5,000 zuwa 20,000, har da tsarewa da kora idan laifin ya yi girma. Duk da haka akwai masu shiga da sunan karatu ko sarin kaya su ɓuge da koyarwa a ɓoye. Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa, Ƙuraishawa sun tare su a hanya, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka iso suka ba da labari, ana shirin Badar, Musulmi suna bukatar kowane hannu, sai Annabi (S.A.W.) ya umurce su su cika alkawarinsu, suka koma. Alkawarin da aka yi wa mayaƙan Makka ke nan, balle wanda aka sa wa hannu a ofishin jakadanci da son rai.

Akwai kuma wata jarrabawa wadda ta fi wannan ciwo. Kasuwar Turanci a gabashin Asiya fasfo take saye kafin ilmi. Koriya ta Kudu, alal misali, ta gina bizar malaman Turanci a kan 'yan ƙasashe bakwai, a Afirka duka Afirka ta Kudu kaɗai ke ciki. A ƙasar Sin ma iyaye da yawa ɗan Amurka ko ɗan Ingila suke so. Saboda haka akan sami mai makaranta ya ja sabon malami gefe ya ce masa, in iyaye suka tambaya, ya ce shi daga Amurka yake, a kuma sauya masa suna da wanda ya fi daɗin faɗi.

Hujjar mai karɓar wannan shawara ba ta wauta ba ce, ya kamata a saurare ta. Zai ce sharaɗin zalunci ne, tushensa wariyar launi, yara kuwa Turanci suka zo nema, Turanci kuma suke samu, watakila ma wanda ya fi na Ba'amurken da bai taɓa karanta nahawu ba. Wa aka cuta? Farkon zancensa gaskiya ne. Amma mai saye yana da haƙƙin sanin abin da ya saya ko da zaɓinsa na jahilci ne. Annabi (S.A.W.) ya tura hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawata wa mai shi, bai tambaya ko hatsin zai ciyu ba, abin da ya tambaya shi ne dalilin da ya hana a sa shi a sama mutane su gani. Sa'an nan kuma ƙaryar tana ciyar da zaluncin da ta ce tana gudu. Duk yaron da ya iya Turanci a hannun Bakano aka ce wa iyayensa Ba'amurke ne, sun ƙara sakankancewa cewa ɗan Afirka ba ya iyawa, an rufe ƙofa ke nan ga mai zuwa a baya. Ƙaryar kuma ba ta kwana ɗaya ba ce, domin yara akwai tambaya. Za su tambayi sunan garinsu, da abin da ake ci a can, da yadda ake biki. Wanda ya ari ƙasa tilas ya ari iyaye da ƙuruciya, a ƙarshe sai ya ga sallar Azahar ma tana neman tona masa asiri, ya shiga neman lungu. Larura tana halatta abin da aka hana, gaskiya ne, amma larura ita ce tsoron halaka, bambancin albashi bai shiga cikinta ba. Wanda ya maƙale, kuɗinsa suka ƙare, aka riƙe masa fasfo, hukuncinsa daban ne, ya kai ƙara ofishin jakadancin ƙasarsa, ya kuma tambayi malami a kan halinsa shi kaɗai.

Kada a ɗauka mai masauki ba ya laifi. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka da yawa daga gidajen haya da masaukai a wannan birni na Guangzhou, waɗansu suka kwana a titi, har Shugaban Majalisar Wakilan Nijeriya ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin rai. A watan Yuli na 2021 kuma gwamnatin ƙasar ta hana cibiyoyin ƙarin darasi na kuɗi koyar da manyan darussan makaranta, malamai masu yawa suka wayi gari ba aiki. Baƙo yana da ikon ya yi kuka, ya nemi haƙƙinsa ta hanyar doka, ya kuma tattara ya tafi. Sai dai mai jin zafin wannan ya tuna Janairun 1983, sa'ad da Nijeriya ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka kama hanya, cikinsu har da malaman da suka koya wa 'ya'yan ƙasa Turanci.

Saura harshen baƙo a kan masu masaukinsa. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa Ba'amurkiya da ta zo aikin sa kai na koyarwa, tana karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ta rubuta wa wani abokinta kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, aka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar. Kati ɗaya ne, mutum ɗaya aka nufa da shi. Malamin yau kuwa yana da waya a aljihu, yana iya ɗaukar hoton abincin mutane ko lafazin ɗalibansa ya watsa wa dubbai su yi dariya kafin a tashi daga makaranta. Suratul Hujurat da ta hana wata al'umma yi wa wata izgili ba ta keɓe waɗanda ba sa jin Hausa ba. Yaran nan kuwa, mafi yawansu ba su taɓa zama ɗaki ɗaya da Musulmi ba sai shi, kuma dokar ƙasar ta hana wa'azi a aji, shi ma ya karɓi wannan sharaɗi da ya sa hannu. Abin da ya rage masa shi ne zuwa a kan lokaci, da gyara littattafai da gaske, da faɗin sunansa na yanka da sunan garinsu in an tambaye shi.

Allah ne Mafi sani.