Mallaka Ce Ko Aro?

A al'adar ciniki, da zarar mai kaya ya ce "na sallama", aka ƙirga kuɗi, to hannunsa ya fita daga kayan. Wanda ya sayar da doki ba ya bin sabon ubangidansa yana zaɓa masa ciyawar da zai ba shi. Kamfanin Apple na Amurka, wanda ya fito da wayar iPhone a 2007, ya zo da wani ciniki dabam, wanda ya kamata mu dube shi da idon basira.

Da ya buɗe kasuwarsa ta manhajoji, wato App Store, a 2008, kamfanin ya tsara cewa manhaja ba ta shiga wayar sai ta wannan ƙofa, shi ne kuma mai gadinta. Ya yi shekaru yana yankar kashi 30 cikin ɗari na kuɗin manhajar da aka saya, kafin ya rage wa ƙananan masu sana'ar zuwa 15 a 2021. Mun san la'ada, ba mu kuma ƙyamace ta, domin dillali guminsa yake ci. Amma dillalin da muka sani, in ya tsawwala, sai a koma wurin wani. Wannan kuwa shi ne dillali, shi ne sarkin kasuwa, ga shi da tasa rumfar a ciki. Ranar da kamfanin Epic Games ya kauce wa la'adar a 2020, a ranar aka fitar da wasansa Fortnite daga kasuwar.

Hujjar kamfanin ita ce tsaro: yana tace manhajoji don kare mu daga 'yan damfara. Hujjar ba ta banza ba ce, duk wanda aka taɓa kwashe wa kuɗi ta waya zai shaida. Sai dai mabuɗin da ke hana ɓarawo shiga yana iya kulle mai gida a ɗaka. A 2017 kamfanin ya cire manhajojin VPN, masu tsallake shingen intanet, daga kasuwarsa ta ƙasar Sin. A 2021 ya cire manhajar Quran Majeed a can bisa buƙatar hukuma. Mutanen da abin ya shafa da kuɗinsu suka sayi wayoyinsu, amma ba wanda ya nemi shawararsu.

To, mece ce mallaka? In ikon sarrafa abu ce, ashe gilashi da ƙarfe muke saye da tsada, ikon kuwa yana can Kalifoniya. Za a ce ai kowa ya danna "na yarda". Yardar da aka karɓa bayan an biya kuɗi, a kan dogon rubutun da da wuya a karanta, muna shakkar ta cancanci sunan.

A 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa kamfanin barin wasu su buɗe nasu kasuwannin manhajoji a ƙasashenta. Wanda ya sayi tasa wayar a Ikeja dokar ba ta iso shi ba, alhali kuwa wayar iri ɗaya ce.