Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

A ƙarƙashin duwatsun rafuka masu gudu akwai wani ƙaramin ƙwaro wanda yawancin masu ɗiban ruwa ba su taɓa lura da shi ba. Turawa suna ce masa ƙudan dutse, ko da yake ba ƙuda ba ne. Yana da ƙafafu shida, kowace da farce biyu, da wutsiya biyu sirara kamar zare. Yakan yi watanni cikin ruwa, wani iri ma har shekaru, kafin ya hau kan dutse ya saɓule fatarsa ya fito da fukafukai huɗu waɗanda yake kwantarwa a bayansa. Daga nan kwanakinsa kaɗan ne. An san irinsa fiye da 3,500 a duniya, kowace shekara kuma ana samun sababbi. Akwai masanan da suka ba da dukan ransu ga aikin rarrabe waɗannan ƙwari da raɗa musu suna. Tambayar ita ce, ko wannan aiki ne da ya cancanci ran mutum, a duniyar da yunwa da cuta ba su ƙare ba?

Kafin a amsa, ya kamata a ga yadda aikin yake. Wanda ya kama ƙwaron da yake zato sabo ne ba ya da ikon ya sa masa suna nan take. Sai ya jiƙa shi cikin ruwan magani mai hana ruɓa, ya rubuta sunan rafin da ranar da ya kama shi. Sa'an nan ya sa shi ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. Launi da girma ba su isa shaida ba, gama iri biyu sukan yi kama ƙwarai a ido. Abin da yake raba su sau da yawa shi ne siffar gaɓoɓin haihuwa na namiji da na tamata, da zanen da yake kan ɓawon ƙwai, ƙwan kuwa bai kai ƙwayar gero ba. A zamanin nan akan ƙara da gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA. Bayan wannan duka sai ya gwada abin da ya gani da duk abin da magabata suka rubuta, ko da shekara 100 ne da rubutawa, don kada ya raɗa suna ga wanda ya riga ya sami suna.

Ka'idar sunan kanta tsohuwa ce. Masu nazarin dabbobi suna lissafinta daga 1758, shekarar da Linnaeus, mutumin Suwidin, ya tsara sunayen dabbobi da kalma biyu biyu, ta fari sunan gida, ta biyu sunan iri. Dole a buga bayanin sabon irin inda kowa zai iya karantawa. Dole kuma a zaɓi ƙwaro guda a ajiye shi wurin da za a iya samunsa, galibi a gidan adana halittu, ya zama shi ne mai ɗauke da sunan. Ma'anar wannan ita ce mai raɗa suna ya bar wa na baya hanyar da za su bincike shi, har su ƙaryata shi in ya yi kuskure. Ba kowace sana'a ce take yarda da wannan ba.

Labarin ƙudan dutse na Afirka ya nuna dalilin ka'idar. A ƙasashe masu zafi na nahiyar, daga yamma har gabas, gida ɗaya ne ake samu, sunansa Neoperla. Masanan farko sun raɗa sunaye da dama. A 1952 wani masanin halittun rafi, H. B. N. Hynes, ya duba su, ya ga bambancin da aka dogara a kai ba ya tsayawa, sai ya tattara su ƙarƙashin suna guda, Neoperla spio, sunan da aka ba da tun 1839. Shekaru da yawa aka bi wannan. Daga baya waɗansu suka fara shakka, da suka ga ƙwai iri iri. A 2023 Peter Zwick da Andreas Zwick suka buga binciken da suka yi a kan siffar jiki da ƙwayoyin gado, suka tabbatar da iri 82 a Afirka, 62 daga ciki kuwa a lokacin ne suka fara samun suna. Ashe abin da aka ɗauka ɗaya ne, jama'a ce mai yawa.

Kuskure biyu ne suke jiran mai wannan aiki. Na fari shi ne ya ga bambanci inda babu, domin yana so a riƙa ambaton sunansa, gama sunan wanda ya bayyana iri yakan bi sunan irin cikin littattafai. Binciken 2023 ya sami tsofaffin sunaye waɗanda ashe iri ɗaya aka raɗa wa sau biyu. Na biyu shi ne ya ce duka ɗaya ne, tun bai gama dubawa ba. Hynes ba rago ba ne, ya yi hukunci ne da shaidar da yake da ita, waɗanda suka gyara shi kuma a kan aikinsa suka tsaya. Amma ga yawancin mutane kuskure na biyu ya fi daɗi, domin yana hutar da ido. Hausawa sun riga sun yi kashedi cewa kama da wane ba wane ba ne.

To, me ruwan manomi ko mai jinya da wannan? Ƙudan dutse ba ya jure ruwa mai dauɗa ko marar iska. Inda yake da yawa, ruwan yana da lafiya. Inda ya ɓace, wani abu ya shiga rafin, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Daga 1974 zuwa 2002 an yi babban shirin yaƙi da makantar kogi a Afirka ta Yamma, Nijar da Gana suna cikin ƙasashen farko. An riƙa zuba magani cikin koguna don kashe tsutsar baƙin ƙudan da yake yaɗa cutar. Masu shirin suka sa masana su riƙa ƙidaya kifaye da ƙwarin ruwa, don kada garin ceton idanu a kashe kogin da yake ciyar da masu idanun. Ƙudan dutse yana cikin waɗanda aka sa wa ido. Mai irin wannan ƙidaya, in suna guda ne kawai a hannunsa, zai iya rubuta cewa ƙwaron yana nan, alhali iri uku sun shuɗe, ɗaya ne ya rage. Abin da ba ya da suna yakan ɓace ba wanda ya yi cigiyarsa.

Amma ba amfani kaɗai ne hujja ba. Da yawa daga cikin iri 82 ɗin nan mai yiwuwa ba za su taɓa ƙara wa kowa ko tiya guda ta hatsi ba. Littafin Farawa ya nuna cewa tun kafin faɗuwa an kawo wa Adamu dabbobi da tsuntsaye domin ya sa musu suna. Ba shi ya yi su ba, kuma sunan bai mai da su nasa ba. An ba shi ne ya duba, ya gane, ya faɗi abin da ya gani. Wanda ya zauna shekaru yana duban ɓawon ƙwai yana cikin wannan aiki, ko ya sani ko bai sani ba. Yana faɗin gaskiya a kan abin da ba zai iya gode masa ba, ba zai kuma iya kai ƙararsa ba in ya yi masa ƙarya. A nan ne ake gane mai gaskiya, gama kowa yakan yi hattara da sunan sarki.

Halin da aikin yake koyarwa bai tsaya a bakin rafi ba. Harshen da yake saurin cewa ƙwari duka ɗaya ne, shi ne yake cewa mutanen wancan gari ko waccan kabila duka ɗaya suke. A duka biyun an yanke hukunci ne kafin a duba. Suna linzami ne, wanda ya riƙe linzami kuwa shi ke da alhakin inda aka nufa. Saboda haka aikin ya cancanci ran mutum, muddin mai yinsa ya duba da haƙuri, ya faɗi iyakar abin da ya gani, ya kuma bar ƙwaron cikin kwalbarsa domin wanda zai zo bayansa ya sāke dubawa.