Ƙibar Ɗalibi: Laifin Wa?

'Yan'uwa, mun saba cewa mai ƙiba ya ji daɗi. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba, wadda kan jawo ciwon sukari da hawan jini.

Mu dubi 'ya'yanmu a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020. Yaron da ya tashi da fartanya a hannu, yau yana yini a zaune, abincinsa taliya da lemon kwalba da tsakar dare. In jikinsa ya yi nauyi sai mu ce kwaɗayi ne, mu yi masa ba'a. Ba'a kuwa ba ta rage kilo, sai dai ta tura wasu ga magungunan kasuwa.

Kamewa aikinsa ne, gaskiya. Amma samarin Lelna ba sa zuwa golmo su kaɗai. Haka ɗalibi yake bukatar abokin da zai tashe shi su taka da safe, su rubuta abin da suka ci, su musanya lemo da ruwa, ya kuma dawo masa washegarin ranar da ya kasa.