Sautin da Ya Ƙi Ƙanƙancewa

A Jamus da Ingila da Amurka akwai masu sha'awar shimfiɗa ƙananan layukan dogo a cikin ɗaki, da tashoshinsu da gadojinsu, kuma ma'aunin da ya fi yaɗuwa a Jamus da Amurka shi ne HO, wato a rage girman kowane abu sau 87, wanda a kansa ne aka gina akasarin Miniatur Wunderland, gidan baje kolin irin waɗannan ƙananan layukan dogo da aka buɗe a Hamburg a 2001. Tarago yana raguwa, fasinjan da ke jira a tasha ya koma kamar ƙwayar gyaɗa, amma sauti ya ƙi bin wannan doka, domin da za a ƙanƙanta usur ɗin jirgi haka, kaifinsa zai ninka sau 87 ya wuce abin da kunnen ɗan'adam ke ji.

Saboda haka kamfanoni irin su ESU na Jamus da SoundTraxx na Amurka suke naɗo muryar jirgi na gaske, su zuba ta a wata 'yar na'ura da ake ɓoyewa a cikin kan jirgin tare da lasifikar da ba ta fi kan yatsa ba. Na'urar tana bin juyin ƙafafu, ta fitar da huci huɗu a kowane zagaye kamar yadda jirgin tururi mai silinda biyu yake yi, tun daga nishi mai nauyi sa'ad da ya tashi har zuwa kukan birki.

A nan tambayar Aflatun take tasowa, domin a kashi na 10 na littafinsa Jamhuriya ya ɗauki mai zana gado a matsayin wanda ya yi nisa da gaskiya, tunda abin da kafinta ya ƙera yake kwaikwaya, shi kuma kafinta siffar gado ta asali ya bi. Wannan hukunci ya hau kan jikin ƙaramin jirgin, wanda roba ne da ƙarfe aka yi wa fenti, sai dai bai hau kan sautinsa ba. Sauti naɗaɗɗe ɗan'uwan sawu ne, kuma sawun raƙumi a rairayi ba wanda ya zana shi, raƙumin ne da kansa ya taka. Tun 1968 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina aiki da tururi a manyan layukanta, amma usur ɗin da ke fita daga wannan lasifika tururin gaske ne ya busa shi wata rana.

Mai suka zai ce an yayyanka sautin ana maimaita shi, kuma lasifikar ba ta iya fitar da rugugin da ke girgiza ƙirji, kuma gaskiyarsa ce. Duk da haka sawun da iska ta share rabinsa yana nan sawu, kuma a kan teburin da aka shimfiɗa ƙaramin layin dogon gaba ɗaya sautin ne kaɗai ya fito daga jikin jirgi na ainihi.